Wanda Ya Tsauta wa Teku Ya San da Maƙiyinka

'Ya'yana, samari da 'yan mata, abu biyu ne suke hana mutanenmu barci. Na farko daga sama yake zuwa: ko ruwa ya ɗauke har gero ya bushe a tsaye, ko ya sauko fiye da ƙima ya tafi da ɗaki da rumbu. Kakanninku sun ga farin 1973, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa a bakin rijiyoyin da suka ƙafe. Ku kuma kun ga ruwan da ya shanye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, kun ji labarin ambaliyar Mokwa a watan Mayu na 2025. Na biyu daga ɗan Adam yake zuwa: mai tare hanya, mai shigowa gari da dare, da wanda ya ƙi jininka saboda sunanka ko addininka. Wannan ba sai na lissafa muku ba, domin da wuya a sami gidan da bai taɓa zaman makoki a kansa ba.

Littafi Mai Tsarki bai raba waɗannan tsoro biyu ba. A Zabura ta 65, aya guda ce ta haɗa rurin teku da hargitsin al'ummai, ta ce Ubangiji ne mai kwantar da su duka. Abin da nake so ya zauna a zukatanku ke nan tun kuna da ƙuruciya: iko a kan iska da ruwa da zuciyar maƙiyi na Allah ne shi kaɗai. Wanda ya gaskata haka, tsoro ba zai kai shi gidan boka ba, fushi kuma ba zai sa ya ɗauki fansa da hannunsa ba.

Ku buɗe Littafin Fitowa sura 14, ku karanta a tsanake. Isra'ilawa sun fito daga Masar da tsofaffi da jarirai da dabbobi, da ƙullun gurasar da ko kumbura bai yi ba. Suka yi zango a bakin Bahar Maliya. Da suka ɗaga ido sai ga rundunar Fir'auna tana tahowa, zaɓaɓɓun karusai 600 ban da sauran karusan Masar. Gaba kura, baya siyaki. Mutanen da suka ga annoba 10 da idonsu, suka ga Nilu ya zama jini, suka ga ƙanƙara da fara da duhu sun durƙusar da ƙasar da take bauta wa kogi da rana, su ne suka juya wa Musa suna tambayarsa ko kaburbura ne suka ƙare a Masar da zai kawo su jeji su mutu. Haka tsoro yake yi. Yakan goge alherin jiya daga zuciya kamar ba a taɓa yi ba.

Ku lura da yadda ceton ya zo. Al'amudin girgijen da yake gabansu ya koma bayansu, ya tsaya tsakaninsu da Masarawa. Iskar gabas mai ƙarfi ta yi ta busawa dare farai har ruwan ya dare biyu. Da Masarawa suka bi su, ƙafafun karusansu suka kakkafe, da asuba ruwa ya komo ya rufe su. Babu Ba'isra'ile ko ɗaya da ya zare takobi a ranar. Teku ɗin da suke gani shi ne ajalinsu, shi ya zama musu hanya, shi kuma ya raba su da mai bautar da su. Amma akwai abin da aka bar musu su yi: Allah ya ce wa Musa ya daina kuka, ya gaya wa jama'a su ci gaba da tafiya. Da sun zauna a bakin gaɓa suna jira a ɗauke su, da buɗewar teku ba ta amfane su ba.

Wannan ya maimaitu sau da yawa. A zamanin Debora, Sisera yana da karusan ƙarfe 900, ya danne Isra'ila shekara 20, amma Kogin Kishon ya cika ya kwashe rundunarsa. A zamanin Ahab, jama'a suka koma bautar Ba'al, gunkin da Kan'aniyawa suka ɗauka shi ne mai ruwan sama da tsawa. Sai sama ta rufe shekara uku da wata shida, annabawan Ba'al 450 suka wuni suna kiransa a Dutsen Karmel babu amsa. Da Iliya ya durƙusa ya yi addu'a, ɗan girgijen da bai wuce tafin hannu ba ya taso daga teku, kafin a jima sama ta yi baƙi ƙirin. Darasin a bayyane yake ga duk wanda yake tunanin wani mai tsafi zai iya ɗaure ruwa ko ya sake shi. Hadari yana da Ubangiji guda.

Yanzu mu je Tekun Galili, inda Markus ya ba mu labari a ƙarshen sura 4. Wannan tafki ne mai tsawon kilomita 21 da faɗin kilomita 13 ko kusa da haka, yana kwance a kwari, fiye da mita 200 ƙasa da saman babban teku, tuddai kewaye da shi. Iska mai sanyi takan gangaro daga tuddan ta haɗu da zafin kwarin, ruwa ya birkice ba sallama. A 1986, da ruwan ya ja baya saboda fari, aka tono wani tsohon jirgin katako na wancan zamani a cikin laka. Tsawonsa mita 8 da ɗan ɗoriya, faɗinsa mita 2 da ɗan ɗoriya. Ku auna wannan a tsakar gidanku, ku ga irin ƙanƙantar abin da mutane suke shiga su ratsa ruwa da dare.

Waɗanda suke cikin jirgin nan ba baƙin ruwa ba ne. Bitrus da Andarawas da Yakubu da Yohanna masunta ne, a kan tafkin suka girma, sun san iskar da ake jurewa da wadda take kashewa. Raƙuman ruwa suna ta afkawa ciki, jirgi ya kusa cika, Yesu kuwa yana can baya ya ɗora kai a kan matashi yana barci. Suka tashe shi da tambayar da kowannenmu ya taɓa yi a zuciyarsa: ashe bai damu ba za su hallaka? Ya tashi ya tsauta wa iska, ya umarci ruwa ya natsu, wuri ya yi tsit. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalina. Bayan hadarin ya wuce ne Markus ya ce tsoro mai girma ya kama su, suna tambayar juna ko wane ne wannan. Yahudawa ne, sun san daga Zabura cewa Allah kaɗai yake kwantar da teku. Tsoronsu ya tashi daga kan ruwa ya koma kan wanda yake tare da su a jirgi. 'Ya'yana, maganin tsoro ke nan. Zuciyar mutum ba ta zama babu abin da take tsoro. In ba ta ji tsoron Allah ba, za ta ji tsoron mutum da mafarki da kukan mujiya.

Kada wani ya ce, to tunda iko na Allah ne, sai mu naɗe hannu. Ku dubi Sarki Hezekiya. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya auka wa Yahuza. Wannan yaƙi yana rubuce a Littafin Sarakuna na Biyu da Littafin Ishaya, yana kuma rubuce a allunan yumɓu na Assuriyawa kansu, waɗanda ɗaya daga cikinsu yake gidan tarihi a Landan. A can Sennakerib ya yi alfahari ya ci birane masu garu 46, ya kulle Hezekiya a Urushalima kamar tsuntsu a keji. Amma bai ce ya ci birnin ba, domin bai ci ba.

Me Hezekiya ya yi? Ya gyara garun birni. Ya toshe maɓuɓɓugan da suke waje don kada abokan gaba su sami ruwan sha, ya jawo ruwan Gihon zuwa cikin gari. Har yau akwai hanyar ruwa da aka sassaƙa cikin dutse a ƙarƙashin Urushalima, tsawonta ya haura mita 500, daga Gihon zuwa tafkin Siluwam. A 1880 aka gano rubutu a jikin bangonta yana ba da labarin yadda maginan suka faro daga bakin nan biyu har suka haɗu a tsakiya. Da manzon Sennakerib ya tsaya a gindin garu yana ɗaga murya da Yahudanci, da gangan don talakawan da suke kan garu su ji su karaya, jama'a suka yi shiru ba su tanka ba, domin haka sarki ya umarta. Da wasiƙar barazana ta iso, Hezekiya ya ɗauke ta ya tafi Haikali, ya shimfiɗa ta a gaban Ubangiji. A dare guda mutum 185,000 suka mutu a sansanin Assuriya. Sennakerib ya koma Nineba, daga baya 'ya'yan cikinsa suka kashe shi.

Ga shiri, ga kame baki, ga addu'a, babu wanda ya hana wani. Haka Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru bakwai na ƙoshi. Haka Nehemiya ya yi addu'a ya kuma sa matsara dare da rana har aka gama garu cikin kwana 52. Saboda haka in an yi gargaɗin ambaliya, ku tashi daga bakin kogi, ku taimaki tsofaffi su tashi. Kada ku gina a kan hanyar ruwa, kada ku cika magudana da leda sannan ku ce ƙaddara ce. Ku shuka itatuwa, ku koyi adana hatsi. Manzon Sennakerib na yau kuma a cikin wayarku yake: saƙon murya da ba a san mai shi ba, hoton gawar da ba a san inda aka ɗauka ba, ana cewa a tura wa kowa. Ku yi abin da mutanen kan garu suka yi. Kada ku zama bakin da tsoro zai bi ya shiga gari.

Akwai tambayar da na san tana cin wasunku, musamman waɗanda suka binne uba ko ƙane. In Allah yana da wannan iko, don me bai hana ba? Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. A Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, ya kama Bitrus. Mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, Yakubu kuwa an binne shi. Dukansu biyu suna cikin jirgin nan ranar da aka tsauta wa iska. Babu inda aka ce bangaskiyar Yakubu ce ta gaza. Shadrak da Meshak da Abednego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ayuba ya rasa dukiyarsa ta hannun mahara da wuta daga sama, ya rasa 'ya'yansa 10 ta iskar da ta rushe gida. Da Allah ya amsa masa daga cikin guguwa, bai jera masa dalilai ba. Ya nuna masa wanda ya kafa harsashin duniya, ya kuma sa wa teku iyakar da ba zai ƙetare ba.

Iyakar nan ita ce ta'aziyyarmu. Kun san yadda ake turke akuya da damina: tana iya kewaya, tana iya cin abin da bakinta ya kai, amma iyakar igiyarta iyakar ɓarnarta. Maƙiyi ma a turke yake. Yana iya taɓa gona, yana iya taɓa jiki, amma igiyar ba a hannunsa take ba, ranka kuma ba nasa ba ne. Wanda ya ta da Yesu daga matattu ya riga ya nuna cewa kabari ma yana da iyaka. Ku yi kukan mamatanku, domin Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Amma kada baƙin ciki ya sa ku ɗauka mugu ya fi ƙarfin Allah.

Yanzu na zo wurin da ya fi wuya, wurin da jinin ƙuruciya yake tafasa. Mutane da yawa suna son Allahn da ya nutsar da Fir'auna, don suna da nasu Fir'aunan da suke so a nutsar. Sai ka ji addu'a ta koma kiran wuta a kan maƙwabci, a kan kishiyar uwa, a kan abokin aiki, har a kan ƙabila sukutum. Yakubu da Yohanna sun taɓa neman haka. Wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye shi. Yesu ya juya ya tsauta musu, suka wuce wani ƙauye. Bakin da ya tsauta wa iska shi ya tsauta wa almajiransa masu son ƙona mutane.

Ku karanta abin da Elisha ya yi a Dotan, a Sarakuna na Biyu sura 6. Rundunar Suriya ta kewaye garin da dare don ta kama shi. Baransa ya fito da sassafe ya gan su, hankalinsa ya tashi. Elisha ya roƙa a buɗe idon yaron, sai ya ga tudu cike da dawakai da karusan wuta. Aka makantar da Suriyawa, Elisha ya ja su har tsakiyar Samariya. Sarkin Isra'ila yana ɗoki ya karkashe su. Annabin ya hana, ya ce a ba su abinci da ruwa. Aka yi musu babbar liyafa, aka sallame su, maharan Suriya kuma suka daina kai hari ƙasar. Mutumin da ya ga karusan wuta ba ya bukatar yanka wanda ya faɗo hannunsa. Dawuda ma sau biyu Saul yana faɗawa hannunsa, sau biyu yana ƙin taɓa shi.

A Getsamani, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Yesu ya ce ya mai da takobin kube, ya tuna masa cewa in ya roƙi Uba za a aiko masa da rundunar mala'iku fiye da 12. Runduna guda a sojan Roma takan kai mutum 5,000 ko fiye. Duk wannan iko yana hannunsa, amma abin da ya yi da hannun shi ne warkar da kunnen wanda ya zo kama shi. Shi ne ya koya mana cewa Uba yana fito da rana, yana kuma sauko da ruwa a kan mai adalci da marar adalci. Ku duba da damina ku gani, hadari ba ya tsallake gonar wanda ba ku shiri da shi. Istifanas ya mutu ana jifansa yana roƙa wa masu jifan gafara, ga wani saurayi mai suna Shawulu yana tsaron tufafinsu. Saurayin nan shi ne Bulus. Da ikilisiya ta yi ramuwar gayya a kansa, da ba mu da wasiƙar da ta koya mana cewa sakayya ta Allah ce, mu ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa. Babbar nasarar Allah a kan maƙiyi ita ce ya mai da shi ɗan'uwa.

Barin fansa ba ya hana neman adalci. Bulus ɗin nan, da mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba za su ci ba za su sha ba sai sun kashe shi, ɗan 'yar'uwarsa ya kai wa shugaban soja labari, aka fitar da shi da dare da rakiyar sojoji 470 zuwa Kaisariya. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Ku ma ku kai rahoto ga hukuma, ku ba da shaida ta gaskiya, ku tsare iyayenku da ƙannenku, ku nemi hakkinku ta hanyar shari'a. Abin da aka hana ku shi ne ku tare matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, ku huce a kansa don yarensa ko addininsa ya yi daidai da na wanda ya cuce ku. Wannan jini ne marar laifi, Allahn da ya ji kukan jinin Habila kuma bai kurumce ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Fushin kuma fa, ina za ku kai shi? Ku kai shi inda masu Zabura suka kai nasu. Sun faɗa wa Allah zafin zuciyarsu ba tare da sakaya ba, suka bar hukuncin a hannunsa. Ku yi haka. Ku ambaci sunan wanda ya cuce ku a gaban Ubangiji, ku faɗi abin da ya yi, ku roƙa a tsai da muguntarsa, sannan ku roƙa masa tuba. Farkonsa akwai ɗaci, amma wanda ya dage zai ga ƙiyayya ta sake shi, barci ya dawo masa.

Saboda haka, 'ya'yana, ku karanta waɗannan surori da kanku, ku karanta wa ƙannenku. Ku cire laya da guru daga jikinku, domin wanda ya ɗaura su ya nuna bai yarda Allah ya isa ba. Ku yi aikin da yake naku da ƙwazo, a gona da makaranta da tsaron unguwa. Ku gai da maƙwabcinku ko ba addininku ɗaya ba, in ruwa ya ci gidansa ku riga kowa zuwa da tabarma da kwanon abinci. Yaƙi da hukunci kuwa ku bar wa mai su. Ubangiji ya ba ku zuciya marar tsoro da hannu marar jini, ya raya ku ku ga jikokinku cikin salama. Amin.